Takardar shaidar gini mai kare muhalli: amsa ga Alhajin da zai gina masauki a Garwa

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara arziki, ya sa a gama lafiya. Ka ce za ka gina masaukin baƙi mai ɗakuna 20 da 'yan ofisoshi a Garwa, wata ƙungiyar agaji da ke son kama hayar sashe guda ta ce ta fi son gini mai takardar shaidar kare muhalli, kai kuma kana son sanin ko abin na gaske ne ko wata sabuwar hanyar cin kuɗin mutane ce. Ni sana'ata kula da shantiye, wato wurin aikin gini, na daɗe ina yawo tsakanin Garwa, Marwa da Kusuri, to ga abin da zan iya gaya maka.

Takardar ta gaske ce, amma ganin dama ce, kuma ba meri, wato ofishin magajin gari, ke ba da ita ba. Abin da ke wajibi a kanka shi ne takardar mallakar fili da permi, wato izinin gini, kamar yadda dokar tsara birane ta Kamaru ta 2004 ta tanada. Wannan kuwa da ake maka magana, wasu cibiyoyi ne na waje ke auna gini su sa hannu cewa bai cika shan wuta da ruwa ba. Ko ka samu wadda ta fi kowace daraja, in ba ka da permi, ranar da 'yan meri suka zo da jan fenti ba za su dube ta ba.

Takardun iri-iri ne. Ta Ingila, BREEAM, ita ce babbar yaya, tun 1990. LEED ta Amurka ta fi suna, maki ake tarawa: 40 ka samu shiga, 50 azurfa, 60 zinariya, 80 matakin ƙoli. Faransa na da HQE, ita ce za ka fi ji a bakin masu zanen gininmu da suka yi karatu da Faransanci. Duk ukun nan suna duba abubuwa masu yawa, har da sharar shantiye da iskar cikin ɗaki, kuma suna son ƙwararru da tarin takardu. Sun dace da hedkwatar banki a Duwala. Ga gini irin naka, kuɗin masu ba da shawara kaɗai sai ya sa ka fasa.

Wadda ta dace da kai ita ce EDGE, wadda IFC, reshen Bankin Duniya mai hulɗa da 'yan kasuwa, ya ƙirƙiro don ƙasashe irin namu. Abu uku kawai take tambaya: wuta, ruwa, da hayaƙin carbon da aka fitar wajen sarrafa kayan ginin. A kowanne sai ka nuna ragin kashi 20 cikin 100 in an gwada da ginin da aka saba yi a wurin. In ragin wuta ya kai kashi 40, akwai mataki na gaba. Manhajar lissafin tana intanet kyauta: mai zanenka ya shigar da girman gini, irin bango, irin rufi, tagogi, kilim (na'urar sanyaya ɗaki) da famfuna, nan take ta nuna masa inda yake. Ka tsaya a kansa ya tabbatar yanayin garin da aka yi lissafin da shi irin na Garwa ne. Lissafin da aka yi da damshin Duwala ba zai gaya maka komai ba game da watan Maris da Afrilu a nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Sau biyu ake tantancewa. Na farko a kan zane, a ba ka takardar wucin gadi. Na biyu bayan an gama gini, mai bincike ya zo da kansa ya ga ko abin da aka zana shi aka gina. Mai binciken nan dole ya zama daban da wanda ya taya ku tsara aikin. Duk wanda ya ce maka shi zai zana, shi zai bincika, shi zai kawo takarda cikin mako biyu, ka riƙe kuɗinka.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne ba ka faɗi ko an haƙa harsashi ba. Tun ran gini ran zane, Alhaji. Mafi yawan ragin wutar nan a takardar zane ake samun sa, kuma kusan kyauta. Ka shimfiɗa ginin yadda dogayen bangayensa za su fuskanci arewa da kudu, a bar wa gabas da yamma gajerun bangaye masu ƙarancin taga. Ranar la'asar da ke dukan bangon yamma ita ce ke sa ɗaki ya kwana da zafi har asuba. A ɓangaren yamma ka sa matakala, ɗakin ajiya da ban ɗaki, su sha zafin a madadin baƙi. Sannan mu nan kusa muke da layin ikwaita da ya raba duniya arewa da kudu, daga wajen tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ta arewa take bi da tsakar rana, sauran watanni ta kudu, don haka baranda ko leɓen rufi a ɓangarorin biyu ake bukata. Masu kwafo zane daga littattafan Turai sukan kare kudu kaɗai.

Sai rufi. Tol, wato kwanon rufi, da aka ɗora dab da silin, ba rata, ba mafitar iska, shi ne babban maƙiyin ɗaki a arewacin nan. A ɗaga shi, a bar iska ta ratsa tsakaninsa da silin, a shimfiɗa abin tare zafi, a zaɓi fari ko mai haske. Na san ana yayin tol mai ruwan ƙasa da baƙi-baƙi don ya fi kyau a hoto, amma kuɗin wutar ba a hoto za ka biya shi ba. In dakali ne na kankare a sama, a shafe shi da farin fenti ko a yi masa rumfa, kuma allunan sola da kansu suna yin wannan aikin na inuwa. Haka gilashi. Bangon gilashi daga ƙasa har sama da ake yi wa sababbin gine-gine yanzu, a Garwa tanda ce kawai, kilim zai yi ta ihu dare da rana bai ci ƙarfinta ba. Taga madaidaiciya mai inuwa, biyu suna kallon juna don iska ta wuce, ta wadatar. Ka kuma dasa dogon yaro a yamma tun yau, kafin a gama gini ya fara tasawa.

Bayan wannan ne ake maganar na'urori: kilim mai inbata (irin mai rage shan wuta), ƙwayayen LED, fanka a kowane ɗaki ko da akwai kilim, da tukunyar dumama ruwa mai aiki da rana don lokacin hunturu. Sola ita ce ta ƙarshe, ba ta farko ba, domin ginin da ya rage shan wuta ƙaramin sola ya ishe shi. Kowa ya san wutar yankinmu ta daɗe tana dogaro da madatsar Lagdo mai megawat 72, wadda ƙarfinta ke raguwa duk shekarar da ruwa ya yi ƙasa. Tashoshin sola na Marwa da Gidar sun ƙara wajen megawat 30, an ɗan sarara, amma mai masauki bai rabu da janareta ba. Ɗakin da ke riƙe sanyinsa awa uku bayan an ɗauke wuta, man janareta yake tara maka.

Ruwa shi ne mafi sauƙin cika sharaɗi. Masai mai maɓalli biyu, lita 3 da lita 6, a maimakon tsohon da ke zubar da lita 9 ko fiye, kan shawa mai rage gudu, da ɗan matacin da ake ɗaurawa a bakin famfo. Mutane da yawa sukan ce mini ai suna da rijiyar burtsatse, ruwa kyauta ne. A lissafin takardar, ruwan da aka kashe ake ƙirgawa, ko na burtsatse ne ko na kamfanin ruwa, kuma wuta ce ke hawo da shi tanki. Ruwan sama ma ana iya tarawa: milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne, Garwa kuwa tana samun wajen milimita 1,000 a shekara, rufi mai murabba'in mita 300 ke nan zai iya zubo da lita kusan 300,000. Sai dai duk a damina yake zuwa, tankin da zai kai ka bazara kuma tsada gare shi. Ni na fi son a ja ruwan alwala da na wanka a kai wa itatuwa.

A kayan gini ne gardama take. Siminti kaɗai yana fitar da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na hayaƙin carbon dioxide da duniya ke fitarwa, wanda ke ɗumama ta, don haka duk bangon da ya rage siminti yana taimaka maka a lissafin. Jan bulo da ake gasawa da itace ba mafita ba ce, daji yake ci, kuma 'yan uwanmu na Njamena sun san yadda aka sha da gwamnatin Cadi ta tsananta hana gawayi a farkon 2009. Abin da na ga ya yi aiki shi ne tubalin ƙasa da ake matsewa da inji, a ɗan sa masa siminti kashi 5 zuwa 8. Yana da kauri, yana jinkirta shigar zafi, ba ya bukatar yaɓe in an jera shi da kyau. Gwamnatin Kamaru ta kafa hukumar MIPROMALO tun 1990 don bunƙasa irin waɗannan kayan na gida. Amma ba kowace ƙasa ke yi ba. Baƙar lakar karal da ake shuka masakwa a kanta tana kumbura da damina ta tsage da rani, ba ta tubali, harsashi ma sai an yi mata dabara. Jar ƙasa mai ɗan yashi ake nema, kuma a kai ta a gwada kafin a buga dubbai. A ɗora bangon a kan dutse ko kankare ya ɗaga daga ƙasa, leɓen rufi ya kare shi daga feshin ruwa.

Na san abin da za a ce maka a majalisa: Alhaji guda da ginin ƙasa? Ka nuna musu hoton masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a Nijar, ƙauyen Hausawa, da Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka zana da irin wannan tubali, ko makarantar Gando a Burkina Faso ta Francis Kéré, wanda ya ci kyautar Pritzker a 2022. Mu kanmu ga ɗakunan Musgum a wajen Pus, ga sorayen kakanninmu masu azara da kaurin bango. Ba wanda ya ba su takarda, kuma ba su bukace ta ba.

Inda aikin takardar ke karyewa a wurinmu shi ne shaida. Mai bincike ba ya karɓar "wallahi mai kyau muka sa". Yana son rasiɗi, da takardar masana'anta mai nuna yawan wutar da kilim ke sha ko litar da famfo ke zubarwa a minti, da hotunan da aka ɗauka kafin a rufe silin. Kasuwarmu kuwa kaya ne ba kwali, wani daga Mubi, wani daga Duwala, wani na hannu. Na ga aikin da zanensa ya ci jarabawa sarai, da aka zo ƙarshe sai aka tarar ɗan kwangila ya musanya kilim ɗin da masu araha, abin tare zafin rufi ma rabin ginin kawai ya samu. Sai da aka sake ɓalle silin. Don haka ka rubuta sunan kowane kaya da lambarsa a cikin kwangila, kada a sallami kuɗin wani mataki sai an kawo takardunsa, ka kuma sa yaro ɗaya mai natsuwa wanda aikinsa ɗaukar hoto da adana rasiɗi ne kawai.

Ka kuma sani EDGE ba ta duba ƙarfin gini, ba ta ƙirga rodi, ba ta tambayar ko filin hanyar ruwa ne. Wanda ya ga ambaliyar 2012 a bakin Binuwai, ko ta 2024 a Yagwa, ya san wannan tambayar ta riga ta fenti. Gwajin ƙasa da lissafin injiniya mai rajista suna nan a wuyanka daban.

To, a biya ko kada a biya? Kuɗin kashi-kashi ne: na rajista, na takardar kanta wanda ke bin girman gini, na mai bincike, da tafiyarsa da masaukinsa in daga nesa zai zo. Da gidan zamanka ne da iyali, da na ce ka yi amfani da manhajar kyauta, ka gyara zane, ka bar takardar, don sanyin ɗaki ba ya jiran sa hannun kowa. Masauki kuwa kasuwanci ne, takardar tana da amfani in akwai wanda zai biya ka saboda ita. Ka koma wurin ƙungiyar nan ka yi musu tambaya uku: wace takarda suke nufi da sunanta, shekara nawa za su zauna, kuma me za su ƙara a kan kuɗin haya. Su amsa a rubuce. Sau da yawa in ka matsa sai ka ga abin da suke so sola ne da ruwa mai tsabta da ɗaki mai sanyi, ba wata takarda ba. In kuma bashin banki za ka nema, ka tambaye su ko takardar za ta sauƙaƙa maka sharuɗɗa kafin ka kashe sisi a kanta.

Kafin nan, in an soma, ka dakatar da masu haƙa, ka turo mini zanen da alamar inda gabas take a filin, da hoton ƙasar da aka tono daga zurfin mita ɗaya, in duba maka.