Tambaya da Amsa: Duk 'yan ajina gida iri ɗaya suke zanawa

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, ni malama ce a firamare ina koyar da 'yan aji uku, an haɗa min da darasin zane, to duk sanda nace kowa ya zana abinda ya shafi rayuwarsa sai su kawo min abu ɗaya, gida mai rufin kwano da bishiya da rana a gefe, ga wasu iyayen sun ce basu yarda a zana mai rai ba, ga babu kayan aiki. Dan Allah ya zanyi? Daga wata malama a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumussalam malama, sannu da ƙoƙari. Gaskiya laifin ba na yaran bane, wannan gidan shi suke gani a allo tun aji ɗaya, kuma yaro abinda yaga ana ba maki shi zai ta maimaitawa. Ki daina fara zana musu komai, ki fara da hira. Wane ado ne a hular babanka, wane irin ƙunshi yayarki tayi da sallah, me ake sana'antawa a gidanku? Zaki sha mamaki wallahi, ɗan maƙera zai zana miki lauje da uwar maƙera, ɗan mai shayi ya jero kofuna da gwangwanin madara, 'yar Fulani ta kawo ƙwarya da faifai har da zanen jikin ƙwaryar wanda ke kanki baki taɓa lura dashi ba, kinga kowa ya faɗa miki ko shi waye ba tare da kin tambaya ba.

Maganar mai rai kuwa kar ki ja da iyaye, bama buƙata. Mu da muke da zayyanar allon sauka, da dagi, da adon bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano? Ki sa kowa ya ɗora tafin hannunsa a takarda ya zagaye, ya rubuta sunansa a tsakiya da boko ko ajami, sai ya cike yatsun da adon gidansu.

Kayan aiki suna kicin ɗinki. Gawayi, jar ƙasa, ruwan zoɓo mai kauri, kurkum, bula, sai bayan kwalin taliya a maimakon takarda. Ki nuna musu bayan naira 20 ma, Ladi Kwali ce a wurin tana ginin tukunya, kuma a ƙauyensu ta koya tun tana yarinya.

Abinda zan roƙe ki shine maki. Dan Allah kar ki ce na wane yafi kyau, ranar da kika faɗi haka duk ajin zasu koma kwaikwayonsa. Kowa ya miƙe yayi bayanin zanensa ko na minti ɗaya ne, in ajin yayi yawa ki raba su kashi-kashi a sati, mai kunya kuma ki je bencinsa ki tambaye shi a hankali, akan wannan bayanin zaki bada makin.