Me ya sa farasitamol ke lalata hanta in an sha da yawa?

Malam, ka tambayi yadda maganin da kowa ke sha yake zama guba. Maganar tana wajen hanta.

Da ka haɗiye ƙwayar, ƙaramin hanji ke tsotse ta, jini ya kai ta hanta. Can ake sarrafa mafi yawanta lami lafiya, ƙoda ta fitar a fitsari. Amma ɗan kaɗan yakan rikiɗe ya zama sinadari mai dafi, NAPQI. Hanta na da makarinsa, gulutatayon, sai dai ajiyar ba yawa. In maganin ya wuce kima, makarin ya ƙare, dafin ya shiga cin hantar kanta.

Shi ya sa babba kada ya haura giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, da tazarar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Mashayin giya, mai ciwon hanta da ramamme, nasu bai kai haka ba. Ka duba kwalin maganin mura ma, sau da yawa akwai farasitamol ciki.

Abin tsoron, ranar farko mutum na iya jin garau. Sai bayan kwana 2 ko 3 ido ya yi rawaya. Kada a jira alama, a garzaya asibiti: makarin da ake bayarwa a can, asetilsistin, ya fi aiki cikin awa 8 da shan farasitamol ɗin.