Kulorin a ruwan shan dabbobi: me yake bari a nama da nono?

Tambayoyin wannan makon sun taru a kan sinadaran da ake zubawa a ruwan shan kaji da shanu don kashe ƙwayoyin cuta, da abin da suke bari a jikin dabba har ya iso tukunya. Mun zaɓi shida daga ciki.

Likita, ina kiwon buroila 500 a bayan garin Kano, kuma ina zuba bilic a tankin ruwansu. Wani abokin sana'a ya ce guba nake ciyar da mutane. Gaskiya ne?

Malam, abokin naka ya ji magana amma bai ji ta duka ba. Kulorin ɗin da ke cikin bilic ba ya zama a jikin kaza. Da zarar ya haɗu da yawu da abincin da ke cikin maƙoshinta sai ya narke ya koma irin gishirin da jiki ya riga ya saba da shi. Idan an auna shi daidai, babu wasu kwanaki da za a jira kafin a yanka kazar.

Abin da ake tsoro wani sinadari ne daban mai suna kuloret, kuma a cikin jarkar bilic ake haifarsa, tun kafin ka buɗe murfin. Bilic na ruwa yana lalacewa da kansa, a hankali ƙarfinsa yana raguwa, wani sashe nasa yana rikiɗewa zuwa kuloret. Zafi da hasken rana suna hanzarta wannan: duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin lalacewar sau uku ko fiye. To ka auna jarkar da ta kwana wata huɗu a shagon kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40.

Daga nan ne kuskuren ke ninka kansa. Mai gona ya zuba yadda ya saba, bai ji warin kulorin ba saboda bilic ɗin ya yi sanyi, sai ya ƙara murfi biyu. Kulorin ɗin da ya samu kaɗan ne, kuloret ɗin da ya zuba kuwa ya ninka. Shi kuloret ba ya tashi a iska, ba ya wari, kaza tana shanye shi tare da ruwa. Mafi yawansa yana fita da kashi cikin 'yan kwanaki, ba ya taruwa a kitse kamar wasu magungunan ƙwari, amma kazar da ke shan sa kullum har ranar yanka za a iya samun burbushinsa a tsoka da hanta da ƙoda.

Kada ka daina tsabtace ruwan. Ruwan da ba a kashe ƙwayoyin cutarsa ba shi ke kawo zawayi da mace-mace, daga nan kuma sai a koma ga maganin kashe ƙwayoyin cuta buhu-buhu, wanda saurarsa a nama ta fi ta kuloret haɗari nesa ba kusa ba.

To nawa ya kamata in zuba? Tankina lita 1,000 ne, ruwan kuma na rijiyar burtsatse ne, wani lokaci na 'yan garuwa.

Abin da ake nema ga kaji shi ne miligiram 3 zuwa 5 na kulorin a kowace lita, kuma a mazubin ruwa na ƙarshe ake aunawa, wanda ya fi nisa da tanki. Ka fara duba ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalba. Bilic na gida irin su Hypo da Jik galibi kashi 3.5 cikin 100 ne, wato kusan miligiram 35 a kowace mililita. Don samun miligiram 3 a lita, tankin lita 1,000 yana buƙatar mililita 86, duro mai lita 200 kuma mililita 17. Da sirinji za ka auna, murfin kwalba ba mudu ba ne. Ka guji mai ƙamshi da wanda aka haɗa da sabulu, waɗannan na wanki ne kawai.

Idan garin kulorin kake amfani da shi, wanda ƙarfinsa ke kai kashi 65 zuwa 70, giram 4 da rabi zuwa 5 sun isa tankin. Ka narka shi a bokiti, ka bar farin guntun ya kwanta, ka tsiyaye na sama. Kada ka haɗa na mako guda ka ajiye, domin da ya zama ruwa shi ma ya fara lalacewa kamar bilic. Ƙwayoyin kulorin da ake jefawa a ruwa su narke sun fi jure ajiya a ƙasa mai zafi, kuma kuloret ɗinsu kaɗan ne. Ga ƙaramar gona, su na fi so.

Bayan an zuba, a motsa, a jira minti 30, sannan a gwada da 'yar takardar gwajin kulorin da ake sayarwa a shagunan magungunan dabbobi da na kayan ruwa. Idan tanki ya nuna 3 amma ƙarshen bututu ya nuna sifili, ƙarin bilic ba zai gyara ba. Akwai yauƙi a cikin bututun yana cinye kulorin ɗin. Sai an kwashe kaji a wanke layin da sinadarin haidurojin faroksaid, a bar shi ya kwana a ciki, a kora da ruwa mai yawa.

Ruwan 'yan garuwa da na rafi, in yana da gurɓata, a fara kwantar da shi da alam a tace. Kulorin da ya haɗu da laka da ruɓaɓɓen ganye yana ƙarewa a kansu, kuma yana haifar da wasu sinadarai irin su kulorofom. Haka nan ruwa mai kanwa-kanwa, wanda ma'aunin pH ɗinsa ya haura 8, yana raunana kulorin ƙwarai. Tsakanin 6 da 7 ya fi aiki. Masu zuba asid don sauke ma'aunin su kiyaye: ba a haɗa asid da bilic a bokiti ɗaya. Hayaƙin da zai tashi yana ƙona huhu, yana iya kashe mutum a rufaffen ɗaki.

Jarkar bilic kuma a sayi ƙarama wadda za ta ƙare cikin wata ɗaya ko biyu, a duba ranar da aka yi ta, a ajiye a inuwa mai sanyi, kuma kada a zuba sabo a kan ragowar tsoho.

Likita, ni uwa ce a Zariya, yarana uku. Mene ne kuloret ɗin yake yi wa jiki? In na dafa naman sosai zai fita?

Hajiya, dahuwa ba ta fitar da shi. Gishiri ne, wuta ba ta ƙone shi, ko an soya ko an gasa tsire yana nan. Amma bari mu yi lissafi kafin hankali ya tashi.

Illarsa ta dogon lokaci a wuya take. Yana hana halittar tayirod ɗaukar sinadarin aidin, kuma ƙarancin aidin ne ke kawo maƙoƙo da tawayar girman ƙwaƙwalwar yaro. Shi ya sa aka fi damuwa da jarirai, ƙananan yara, masu juna biyu da waɗanda dama aidin bai ishe su ba. A shekarar 2015 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa mutum zai iya ɗaukar miligiram 0.003 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa kullum ba tare da illa ba. Mai nauyin kilo 60 ke nan miligiram 0.18 a rana. Iyakar da Tarayyar Turai ta sa wa tsokar nama miligiram 0.05 ce a kilo. Ko da naman ya kai wannan iyakar cif, sai mutum ya ci fiye da kilo uku da rabi kowace rana kafin ya kai ma'aunin. A gidajenmu da kaza ɗaya ke zagaya mutum takwas, nama ba shi ne babbar ƙofar kuloret ba. Ita hukumar ma ta gano cewa ruwan shan mutane ne ya fi kawo shi.

Shan sa da yawa a lokaci ɗaya wani abu ne daban: yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, ya hana jini ɗaukar iskar numfashi, ya taɓa ƙoda. Wannan sai wanda ya sha sinadarin kansa, burbushin nama ba ya kai wa nan.

Abin da ke hannunki shi ne gishiri mai aidin. Ki ajiye shi a rufe, nesa da murhu da danshi. Kuma tunda ana maganar bilic, kada a zuba shi a gorar lemo. Yaro in ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a kurkure masa baki, a ba shi ruwa kaɗan, a tafi asibiti da kwalbar a hannu.

Muna tara madara daga rugage muna kai wa masu yin yogot. Muna wanke randunan ƙarfe da bilic. Wannan ya shafe mu?

Ya shafe ku fiye da mai kaji ma. A madara, kuloret ya fi shiga ta hanyar kayan aiki da ba a ɗauraye da kyau ba, fiye da ta ruwan da saniya ta sha. Iyakar Turai ga madara miligiram 0.1 ce a kilo. Yaro mai kilo 12 ma'auninsa na rana miligiram 0.036 ne, rabin lita na madarar da ta kai waccan iyakar kuwa tana ɗauke da 0.05. Ka ga kofi biyu kawai sun sa ya wuce ma'aunin ke nan. Masu yin madarar gari sun fi kowa tsanantawa, saboda in aka busar da ruwan, kuloret ɗin yana tattaruwa a garin.

A fara wanke mazubi da ruwan ɗumi da sabulu har maiƙon ya fita, a ɗauraye, sannan a sa ruwan bilic sabon haɗi, a sake ɗaurayewa da ruwa mai tsabta, a kife ya tsane ya bushe. Wanda ya zuba bilic a kan maiƙon madara bai kashe komai ba, ya dai ƙara sinadari. Zuba bilic a cikin madarar kanta don kada ta yi tsami a hanya kuwa algus ne, kuma cutarwa ce.

Game da shanun, kwamin shan ruwa da ke fili a rana ba ya riƙe kulorin, kuma saniya in ta ji wari ya yi yawa sai ta rage sha, nono ya ragu. Kankare gansakuka da sauya ruwa akai-akai sun fi amfani a nan.

Ni ɗalibin kimiyyar abinci ne. Wace doka ce ke kula da wannan, kuma wa ke gwadawa?

Tarayyar Turai ce ta fi zurfafawa. A da ana sayar da kuloret a matsayin maganin kashe ciyawa, suka janye izininsa a 2008, sai ya faɗa ƙarƙashin iyakar gama-gari ta miligiram 0.01 a kilo. Da aka fara gwaji da injuna masu kaifi sai aka riƙa samunsa a kayan lambu da nama da madara fiye da haka, ba don wani ya fesa ba, sai don ruwan wanki da na sha mai kulorin. Hana kulorin zai dawo da cututtukan da suka fi muni, don haka a 2020 suka fitar da doka mai lamba 2020/749, wadda ta ba kowane nau'in abinci iyakarsa gwargwadon abin da mai aiki da tsabta zai iya cimmawa. Abincin jarirai aka bar shi a kan 0.01. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa miligiram 0.7 a lita a matsayin iyakar kuloret a ruwan sha.

Kada ka haɗa wannan da taƙaddamar kajin Amurka da Turai ta hana shigowa da su tun 1997. Waɗancan bayan yanka ake wanke gawarsu da ruwan kulorin.

A Najeriya, NAFDAC ce ke rajistar sinadarai da magungunan dabbobi, likitocin dabbobi na jihohi kuma su ke duba nama a mayanka. Duban mayanka yana kama tarin fuka a huhu da tsutsa a hanta, amma ido ba ya ganin kuloret, sai injin ɗakin gwaji mai tsada. Saboda haka kariyar gaske tana gona: kaya mai lambar rajista, awo, da littafin da ake rubuta rana da adadin da aka zuba da abin da gwaji ya nuna. Mai son fitar da kaya waje ya tuna da wake, wanda Turai ta dakatar da sayensa daga Najeriya a 2015 saboda saurar maganin ƙwari.

Na ba kajina rigakafin Gumboro a ruwa, amma cutar ta shiga. Ko kulorin ne? Kuma in bilic ya ƙare zan iya sa Izal?

Mai yiwuwa ne ƙwarai. Rigakafin Gumboro da Lasota (na cutar Newcastle) ƙwayoyi ne masu rai da aka raunana, kulorin kuma ba ya bambanta su da na cuta. A dakatar da shi awa 48 kafin rigakafi, a kora bututu da ruwa zalla, a dama madarar gari marar maiƙo giram 2 a kowace lita, a jira minti 15 zuwa 20 kafin a buɗe kwalbar rigakafin a cikin ruwan. Kaji su shanye cikin awa biyu, kulorin ya dawo washegari. Ka kuma bincika ko rigakafin ya yi zafi a hanya, shi ma yana kashe shi.

Haka in ana ba da magani ko bitamin a ruwa, a tsayar da kulorin, domin yana lalata wasunsu. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma yana da kwanakin jira da aka rubuta a jikin leda, ba a yanka kaza ko sayar da ƙwai sai sun cika.

Izal da Dettol da danginsu na ƙasa ne da bango da ƙafar mai shiga ɗakin kaji. Ba sa shiga ruwan sha ko ɗigo ɗaya: suna ƙona maƙogwaro, suna taɓa hanta, warinsu kuma yana kama nama da ƙwai. In bilic ya ƙare, a wanke mazubai da sabulu safe da yamma, a ba kajin ruwa mafi tsabta da ake da shi har a sayo sabo.