Asalin sarautar Duke na Norfolk

Kun tambayi dalilin da ya sa Duke na Norfolk ne ya tsara bikin naɗin Sarki Charles a 2023. Sarki Richard na Biyu ne ya kafa wannan sarauta a 1397, sannan a 1483 ta koma gidan Howard, waɗanda suke riƙe da ita har yau, kuma tun 1672 suke gadon muƙamin Earl Marshal, mai kula da manyan bukukuwan masarautar Ingila. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka riƙe ɗariƙar Katolika duk da wahalar da ta jawo musu. An fille kan Duke na huɗu a 1572, kuma sai a 1660 aka mayar wa zuriyarsa sarautar.