Amsa ga ɗan'uwan da Cakewalk ba ta nuna masa sunayen sautukan fiyanonsa

Ɗan'uwa, wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don ramin da kake ciki na taɓa kwana a cikinsa. Ka ce ka haɗa fiyanonka na Yamaha PSR-S970 da Cakewalk, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, ba ka ganin komai sai sunayen nan 128 na General MIDI, wato jerin sautuka na gama-gari, kana neman fayil ɗin .ins na fiyanonka, wanda ke gaya wa Cakewalk sunan kowane sauti da lambarsa. Kafin komai, don Allah kada ka ba kowa kuɗi a kan wannan fayil.

Ni na bayar. Wani da muke gaisawa a harkar nan ya rantse min yana da shi, ya karɓi kuɗina ya zuba min a filashi. Ashe na wani tsohon samfuri ne, sunan kawai ya sauya. A makon nan aka kawo min aikin waƙar biki, mawaƙin tun daga Zariya ya taso. Muka kwana a situdiyo da janareto, man ma da kuɗina na saya. Da safe yayar amarya ta zo jin waƙa, na buɗe aikin na danna, inda na sa sarewa sai ga wani gogen banza yana kuka, ganguna sun koma ƙarar fiyano. Matar nan ba ta yi faɗa ba, jakarta kawai ta ɗauka ta ce, "Malam, jibi ne fa kamu." Har yau ina jin muryarta. Na kira mutumin ya fi sau goma bai ɗaga ba, da muka haɗu bayan wata guda sai cewa ya yi ai ni ne ban iya sakawa ba. Ko haƙuri bai ba ni ba. Wannan ya fi kuɗin ciwo.

Daga ranar na koma rubuta nawa. Ka sauko da Data List na fiyanonka, littafin jerin sautuka da lambobinsu, daga shafin Yamaha, kyauta ne. Kowane sauti lamba uku gare shi: MSB da LSB, waɗanda tare suke nuna banki, wato rukunin da sautin yake ciki, sai lambar sautin. Fayil ɗin kuwa rubutu ne kawai, Notepad ma tana buɗe shi. Lambar banki a Cakewalk ita ce MSB sau 128 ka tara da LSB, shi ya sa gangunan da ke MSB 127, LSB 0 suke zama 16256. Inda na fi shan wuya: littafin Yamaha daga 1 yake ƙirge zuwa 128, fayil ɗin kuma daga 0 yake farawa. In ba ka cire ɗaya ba, duk abin da ka zaɓa maƙwabcinsa ne zai fito. Kwana biyu na yi ina zargin kebul.

Kuma kada ka ce sai ka rubuta duka, za ka gaji ka watsar. Sautukan da kake aiki da su kullum sun kai talatin? Fara da su. In ka zuba kalangu ko kotso ta Yamaha Expansion Manager, manhajar ƙara wa fiyano sababbin sautuka, waɗannan ba za ka taɓa samun su a fayil ɗin wani ba, dole hannunka.

Af, ka saba ɗaukar kiɗan a matsayin odiyo da zarar ka gama, kada ka bar shi MIDI zalla, wato umarnin bugawa kawai ba sautin kansa ba, ka tafi barci. Da na yi haka a daren nan da ban kunyata a gaban matar nan ba.

In ka gama rubuta fayil ɗin, shiga Preferences na Cakewalk, ɓangaren Instruments, ka danna Define sannan Import, ka ɗora shi a kan tashoshi 16 na fiyanon. Gwada sauti ɗaya tukuna, ka dubi allon fiyanon ka ga ko sunan da ya fito shi ne wanda ka zaɓa. In ya saɓa, turo lambobin nan ukun a nan mu duba tare.