Tambayi Injiniya: Batir ne ya mutu, ko gargada ce ta kwance waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam Injiniya. Muna da irin motar nan mai ɗaki a baya, da gado da firij da famfon ruwa, mun yi doguwar tafiya ni da iyali. Duk tsawon kwalta lafiya lau, amma da muka shiga wata hanyar burji mai gargada, kwana biyu ba gari ba mutane, sai fitilun ɗakin suka fara ƙyaftawa, famfo ya koma nishi, da dare firij ya ɗauke gaba ɗaya. Ita motar kuwa kik ɗaya take tashi. Wani lokacin ma komai ya dawo kamar ba a yi ba. Ni na ce batir zan canza, abokina ya ce altaneta ce. Don Allah wanne ne?
Daga wani mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna, don ni daga kai har abokin naka ban ga wanda ya canka ba.

Irin wannan mota batir biyu gare ta, ɗaya na tayar da inji, ɗaya na ɗaki wanda fitila da famfo da firij suke sha, sai rile ko wata 'yar caja a tsakaninsu da ke tura wa na ɗakin wuta in inji na aiki. Da altaneta ce ta mutu ai da tuni fitilar batir ta kama a dashbod, kuma da ba ka yi kwana biyu kana tashi da kik ɗaya ba. Shi kuma batirin da ya mutu ba ya farfaɗowa don ya ga dama. Matsalar da ke zuwa ta tafi, wadda kuma ba ta fara ba sai da aka sauka daga kwalta, kusan kullum waya ce ta saki. Gargada haka take, ba rami ɗaya ne da za ka faɗa ka wuce ba, jijjiga ce ƙanana ƙanana ba hutu tun safe har yamma, tana kwance noti a hankali, tana goga waya a bakin ƙarfe har robar ta cinye, tana zame fiyus daga mazauninsa.

To maimakon canki-canki, auna. Ka samu mitar nan ta masu wayarin, ka murɗa ta kan DC 20. Bayan mota ta huta 'yan awoyi, komai a kashe, ɗora a kan batirin ɗaki: bolt 12.6 zuwa 12.7 a cike yake, 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 kuwa ya sha wuya. Sai ka tayar da inji ka auna na gaba, wato batirin tayar da inji, ya kamata ka ga wajen 13.8 zuwa 14.4. Koma na ɗakin. In na gaba yana 14 shi kuma yana nan zaune a 12.1 ko motsi bai yi ba, shikenan ka kama ɓarawo, wutar ba ta isowa ne, ka bi rile da fiyus da wayar da ke tsakani. Abu biyu dai ka riƙe: waɗannan lambobi na batir mai dalma da ruwan asid ne, na litiyam yakan zauna wajen 13.2 har ya kusa ƙarewa, sannan wasu sababbin motoci da gangan suke rage wutar altaneta don tsimin mai, su 'yar cajar nan ta tsakanin batiran biyu, wadda ake kira DC-DC, ita ce ke musu aiki, rile zalla ba ya wadatarwa.

Amma wadda na fi zargi ita ce baƙar wayar da aka ɗaure a jikin shasi, don ita ce hanyar komawar wutar duk kayan ɗakin, shi ya sa in ta saki kowa ke kuka lokaci guda. Na taɓa ɓata yini guda a kan irinta, wallahi a ido ras take, notin na nan, sai da na kama ta da yatsa biyu na ja na ga tana juyawa, na kwance na tarar ƙarƙashinta tsatsa ce da wani farin gari. Minti biyar da sanfefa da sifana aka gama. Kai ma kunna famfo da fitilu ka bar su su ɗan yi aiki, ka riƙa girgiza wayoyin ɗaya bayan ɗaya wani yana duba maka fitila, duk mahaɗar da ka taɓa ka ji ɗumi nan ne. Ko ka auna a kan batir ka auna a bakin firij yana aiki, in bambancin ya wuce rabin bolt akwai inda wuta ke maƙalewa.

In za ka kwance batir, kan baƙar waya ake fara cirewa, shi ake mayarwa ƙarshe, kuma cire zobe da agogo. Fiyus in ya ƙone ka sa mai lamba ɗaya da shi. Ya sake ƙonewa nan take? Waya ce ta goge take taɓa ƙarfe, nemo ta. Masu naɗa waya a madadin fiyus kam, a daji inda ba mai kawo maka ɗauki, gobara suke saye.

Batun hanyar kuma, za ka ji ana cewa taka wuta sosai sai mota ta riƙa shawagi a kan gargada. Jijjigar takan ragu, gaskiya ne, amma tayoyin ba sa kama ƙasa sosai, ga motarka doguwa ga nauyi, lanƙwasa ɗaya ta isa ta kifar da kai. Ni dai sassauta nake cewa. Ka ɗan rage iskar taya kaɗan, kaɗan fa, don taya mai ɗauke da nauyi in iska ta yi ƙasa zafi take yi, kuma ka tafi da famfon iska ka mayar kafin ka hau kwalta. Duk inda kuka yada zango ka zaga da sifana, ka tabbatar batirin ba ya rawa a akwatinsa, ka goge ƙurar kan sola in kana da ita.

Tambaya: Malam, firij ɗina mai aiki da gas da lantarki ne, in na yi fakin a gangare ba ya sanyi. Ya lalace ne?
Daga wata mai karatu

Amsa: A'a Hajiya, halinsa ne. Irin wannan ba shi da kwamfresa, ruwan amoniya ne ke zagayawa cikin bututu yana gangarowa da kansa, in mota ta karkace sai zagayen ya tsaya, kuma barinsa a kunne a haka na iya lalata shi. Ki sa katako ƙarƙashin taya ki daidaita motar. Kar kuma ki bar shi a kan batir in an kashe inji, yana jan wajen amfiya 10, kafin gari ya waye ya tatse shi tas. In kin tsaya ki mayar da shi kan gas.