Farin hayaƙi da zafin inji a jirgin ruwa mai filafilai

Malam, ka ce injin dizal ɗin jirginka yana fitar da farin hayaƙi, kuma yana zafi da zarar ka ƙara wuta. Ina kyautata zaton tururi ne. Tsaya ka kalle shi: tururi yana bajewa nan take, hayaƙin man da bai ƙone ba kuwa yana daɗewa bisa ruwa, ga wari mai yaji a ido.

Leƙa bakin salansa. Ruwan tekun da ke sanyaya inji ya kamata ya riƙa fitowa ta nan gwab-gwab. In ɗigo kawai yake, kashe injin, don Allah, kafin gaskit, shimfiɗar da ke like kan inji, ya ƙone.

Fara da bawul ɗin da ke shigo da ruwan teku, sai matatar, inda ciyawa ko leda kan toshe. Daga nan buɗe famfon da ke jawo ruwan ka duba robar nan mai fukafukai, impela. In wani fiffike ya ɓalle, kar ka sa sabuwa ka tafi. Nemo gutsuren, galibi yana maƙale a bakin na'urar sanyaya inji. Gwiwar salansa ma tana cushewa da tsatsa.

Baƙin hayaƙi nauyi ne ya yi yawa, sau da yawa datti a farfela. Shuɗi kuwa baƙin mai yake ci. Ruwan da ake zuba wa inji don sanyaya shi yana raguwa? Faɗa mana.